Na'ura Za Ta Ƙwace Mana Aiki Ne?

   

Abin da za mu tattauna a yau ya samo asali ne daga wasiƙar wata baiwar Allah da ta ce a sakaya sunanta. Ta ce shekararta 19 tana aikin buga takardu a wata ma'aikata, da wannan albashi take riƙe da marayu huɗu. To kwanan baya sai aka kawo wani matashi ofishin nasu. Wasiƙar da takan kwashe rabin sa'a tana tsarawa, sai ya faɗa wa wayarsa abin da yake so, kafin ta gyara zaman mayafinta har ya gama. Tun daga ranar maigidan ofishin ya rage kiranta. Ga kuma 'yarta ta fari tana shekarar ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha, ita ma aikin sakatariya take karantawa, da kuɗin adashi ake biya mata makaranta. Shi ne take tambaya: shin aikinta ya ƙare ke nan? Kuma 'yar tata asarar kuɗi ake yi?

Hajiya, tambayarki ta mata da yawa ce. Ki gyara zama, mu bi maganar daki-daki.

Da farko mu ɗan waiwaya baya, domin wannan ba shi ne karo na farko da inji ya shigo mana gida ba. Waɗanda suka manyanta a cikinku za su tuna lokacin da dakau yake sana'a sosai. Mace ta karɓi hatsin maƙwabta, ta surfa, ta bakace, ta daka, a biya ta. Da injin niƙa da na surfe suka cika unguwanni, sai wannan hanyar samu ta tsuke. An huta da kanta a tafin hannu, wannan gaskiya ne. Amma ku lura da wani abu: sana'ar da take hannun mata, da ta koma ta inji, mafi yawa maza ne suka mallake ta. Matan da suka sayi ƙaramin injin markaɗe suka ajiye a zaure ko a tsakar gida, su ne suka tsira da rabonsu.

Haka da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, matasa maza da mata sun yi ta kafa lema a bakin titi, ana biya ana buga waya. Yau ina suke? Kowa ya mallaki tasa, sana'ar ta mutu. Amma a gurbin lemar nan sai ga masu gyaran waya, da masu cajin waya, da masu POS, waɗanda muka ga amfaninsu lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Haka keken rubutu, wato tafireta, ya ba kwamfuta wuri. Wadda ta yarda ta koyi kwamfuta ta ci gaba da aikinta, wadda ta ce ta tsufa da koyo aka bar ta da teburi babu takarda.

To mene ne sabo a wannan karon? Injunan da muka saba da su aikin ƙarfi suke ɗauke wa mutum: niƙa, saƙa, ɗinki, ɗaukar kaya. Wannan sabuwar fasaha kuwa, wadda ake ce wa ƙirƙirarriyar basira, ko AI a taƙaice, aikin tunani take taɓawa. Yadda take aiki shi ne, ana ɗura wa manyan kwamfutoci rubuce-rubuce da hotuna da muryoyi masu ɗimbin yawa, fiye da abin da mutum zai iya karantawa ko da zai yi rayuwa dubu. Daga nan sai na'urar ta gane yadda kalmomi suke bin juna, ta iya hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Kamar dai yarinyar da ta taso a gidan mai abincin sayarwa, tun ba a koya mata ba ta san bayan albasa ta soyu me ake zubawa. Bambancin shi ne ita yarinyar tana da harshen ɗanɗano, na'ura kuwa ba ta da shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin ya fito fili ne a ranar 30 ga Nuwamba, 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya saki manhajar ChatGPT ga kowa da kowa. Daga nan wasu kamfanoni suka fito da nasu. Yanzu irin waɗannan manhajoji suna rubuta wasiƙa, su taƙaita dogon rahoto, su fassara, su mai da magana rubutu, su tsara lissafi, su amsa tambayar abokin ciniki. Har Hausa suna taɓawa, ko da yake da gyara a Hausar tasu. A watan Satumba na 2025 ma gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar da wata mai suna N-ATLAS, wadda aka gina domin Hausa da Yarabanci da Ibo da kuma Turancin 'yan Nijeriya.

Kin ga ke nan, Hajiya, abin da matashin nan ya yi ba tsafi ba ne. Kuma ba ke kaɗai abin ya shafa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar da bincike a watan Agusta na 2023, inda ta gano cewa aikin akawu da na sakatariya shi ne ya fi kowane aiki shiga hannun wannan fasaha. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abubuwan da akawu yake yi, na'urar za ta iya yin su sosai. Da ƙungiyar ta sabunta binciken a watan Mayu na 2025, sai ta ce aiki ɗaya cikin kowane huɗu a duniya fasahar za ta taɓa shi ta wata fuska. A ƙasashe masu arziki, kashi 9.6 cikin 100 na ayyukan mata suna cikin rukunin da ya fi fuskantar barazana, na maza kuwa kashi 3.5 ne kacal. Me ya jawo haka? Ai saboda mu ne muka fi yawa a kan teburin buga takardu, da karɓar baƙi, da amsa waya, da shigar da bayanai.

Amma fa kada gabanki ya faɗi. Ƙungiyar da kanta ta ce abin da ya fi yiwuwa shi ne ayyuka su sauya kama, ba su ɓace gaba ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne kowane aiki tarin ƙananan ayyuka ne. Ɗauki naki. Kina buga wasiƙa, e. Amma kuma ke kika san fayil ɗin da ya ɓata tun shekaru goma inda yake. Ke kika san baƙon da za a shigar da shi nan take da wanda za a ba haƙuri. Ke kika san wasiƙar da in ta fita da wannan lafazi za ta tayar da ƙura. Ke ce mai riƙe sirrin ofis. A cikin waɗannan duka, buga wasiƙar kaɗai na'ura ta karɓa.

Akwai misalai biyu da za su ƙara haska mana. Lokacin da na'urar cirar kuɗi ta ATM ta yaɗu a Amurka, kowa ya ɗauka masu biyan kuɗi a kanta sun gama yawo. Wani masanin tattalin arziki mai suna James Bessen ya bi diddigi, ya ga cewa tsakanin 1988 da 2004 yawan ma'aikatan kanta da reshe ɗaya yake buƙata a birane ya sauko daga 20 zuwa 13. Amma da yake buɗe reshe ya yi araha, sai bankuna suka ƙara rassa da kashi 43 cikin 100, don haka aikin bai mutu ba a lokacin. Sai daga baya, da hada-hadar kuɗi ta koma cikin waya, sannan adadinsu ya soma raguwa sosai. Darasin shi ne, sauyi yakan ba da rata, amma ratar ba ta dawwama.

Misali na biyu, wani kamfanin hada-hadar kuɗi na ƙasar Suwidin mai suna Klarna ya yi shela a farkon 2024 cewa manhajarsa tana yin aikin mutum 700 masu amsa koken abokan ciniki. Ba a yi nisa ba, a 2025 shugaban kamfanin ya fito ya amsa cewa sun fifita rage kashe kuɗi har ingancin aiki ya ragu, suka koma neman mutane. Domin wanda kuɗinsa ya maƙale, ransa a ɓace, mutum yake so ya saurare shi.

To mu nan gida fa? Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, ya ƙiyasta a watan Janairu na 2024 cewa fasahar za ta shafi kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya: kashi 60 a ƙasashen da suka ci gaba, kashi 26 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Nijeriya, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba a ofis ko kamfani mai rajista suke ba. Mai ƙosai, da mai kitso, da mai lalle, da ungozoma, da mai raino, babu manhajar da za ta zauna a kujerarsu. Kuma kada mu ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba. Masaƙun Kaduna da na Kano da suka durƙushe, dubban iyalai suka shiga wani hali, rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje ne suka fi kashe su.

Sai dai ƙarancin alƙaluman namu ba abin murna ba ne ɗari bisa ɗari. Wani ɓangare na dalilin shi ne ƙarancin wuta da tsadar intanet, wato amfanin ma zai yi jinkirin iso mana. Sannan 'yan guraben aikin ofis da muke da su, waɗanda muke tura 'ya'yanmu makaranta dominsu, su ne daidai inda abin ya fi taɓawa. Ko a sana'ar hannu ma, ku tambayi masu ɗinkin hula da masu aikin wuyan riga da allura, yadda injin aiki mai kwamfuta ya karya farashi. Abin da ya rage musu shi ne masu sayen da suka san darajar aikin hannu, kuma waɗannan sai an iya nemo su, galibi ta waya.

Yanzu bari mu zo kan horarwa, wadda ita ce zuciyar maganar. A al'adarmu, yadda ake koyon aiki sananne ne. Yarinyar da aka kai wajen tela ba ta fara da yanka shadda. Tana fara wa da sa maɓalli, da kalmasa, da guga, tana kallo, har hannunta ya faɗa. A ofis ma haka ne: sabon ma'aikaci da ƙananan ayyuka yake farawa, tsara takarda, kwafe lissafi, rubuta bayanin taro. To waɗannan ƙananan ayyuka su ne na'ura ta fi iyawa. In ta kwashe su duka, ta ina yaranmu za su koyi aikin har su zama manya? Tsani ne ake cire wa matakalar ƙasa. Wannan abu ne da ya kamata shugabannin ma'aikatu da kamfanoni su yi wa tunani tun yanzu, domin wanda bai ɗauki ɗan koyo yau ba, gobe ba zai sami gwani ba.

A ɗaya gefen kuma, fasahar kan zama malama. Wasu masana a Amurka, ƙarƙashin Erik Brynjolfsson, sun bibiyi ma'aikata fiye da 5,000 masu amsa koken abokan ciniki, waɗanda aka ba su manhajar da take ba su shawarar amsa. Sakamakon da suka fitar a 2023 ya nuna yawan aikin da ake gamawa ya ƙaru da kimanin kashi 14 cikin 100, amma a wajen sababbin shiga ƙarin ya kai kashi 34. Tsofaffin hannu kuwa ba su ƙaru da wani abin kirki ba. Wato na'urar ta tattara dabarun gwanaye ne tana raɗa wa 'yan koyo a kunne. Ga mace mai kunyar yin tambaya a gaban maza a ofis, wannan ba ƙaramar dama ba ce, domin manhaja ba ta gajiya da tambaya, ba ta kuma yi miki dariya.

Amma mu koma kan maganar ɗanɗano. Na'urar nan ba ta san gaskiya da ƙarya ba, kalmomin da suka dace da juna take jerawa. Takan ƙirƙiro suna, ko kwanan wata, ko adadi, ta faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. Wanda bai san aikin ba, ba zai gane an yi kuskure ba. Saboda haka mai ilimin aikin ita ce za ta ɗanɗana miyar kafin a kai wa baƙo. Haka kuma takan gaji son zuciyar da ke cikin bayanan da aka ɗura mata. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin cewa kamfanin Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace takardun masu neman aiki, bayan an gano tana rage wa mata maki. Ba wani ne ya umarce ta ba. Takardun shekarun baya aka koya mata da su, kuma yawancinsu na maza ne, sai ta ɗauka namiji shi ne ma'aikacin kirki.

To wa ke da alhakin horar da mu? Rahoton da Majalisar Tattalin Arziki ta Duniya, mai shirya taron Davos, ta fitar a watan Janairu na 2025 ya yi hasashen cewa kafin 2030 za a samar da sababbin ayyuka miliyan 170, a rasa miliyan 92, kuma a cikin kowane ma'aikata 100, 59 za su buƙaci sabon horo. Hasashe ne, Allah ne Masani, amma ya nuna girman aikin. Kuma ku lura, wadda ta rasa aiki ba lallai ita ce za ta sami sabon ba, sai in an horar da ita.

A Nijeriya akwai Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa tun 1971, hedikwatarsa tana Jos. Doka ta ɗora wa kamfanonin da suka kai wani girma su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansu a asusun, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa yadda ya kamata ana mayar masa da wani kaso. Ke nan horo ba alfarma ba ce ake yi wa ma'aikaci. Akwai kuma shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 tare da hukumar NITDA, da burin koya wa mutum miliyan uku fasahar zamani, aka fara da rukunin mutum 30,000.

Matsalarmu mu mata ita ce yadda ake tsara horon. A sa shi bayan an tashi daga aiki, lokacin da uwa take sauri ta ɗauko yara ta ɗora tukunya. Ko a kai shi wani gari na mako biyu, mai goyo ba ta iya zuwa, wata kuma maigida bai amince ba. Ko a zaɓi sunaye tana hutun haihuwa. Bayan shekara biyu sai a ce ai matan ofishin nan ba su iya komai ba. Don haka muna kira ga shugabanni da ƙungiyoyin ƙwadago: a riƙa yin horo a cikin lokacin aiki, a cikin gari, kuma a tabbatar da sunayen mata a jerin. Ku kuma iyayenmu maza da mazajenmu, a taimaka a ba da dama. Albashin nan in ya tsaya, gidan gaba ɗaya ne zai ji a jika.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, ga 'yan shawarwari.

Na farko, ki zauna da takarda da biro, ki rubuta duk abin da kike yi a wurin aiki cikin mako guda. Ki ware waɗanda maimaici ne, kullum iri ɗaya, da waɗanda suke buƙatar sanin mutane, da hukunci, da amana. Na farkon su ne na'ura za ta fara ɗauka. Na biyun su za ki ƙarfafa.

Na biyu, ki koyi abin da kanki. Yawancin manhajojin nan suna da ɓangaren kyauta a waya. Ki sa ɗanki ko 'yarki su nuna miki, ba abin kunya ba ne, gemu ma ba ya hana ilimi balle ɗankwali. Ki fara da abin da kika riga kika sani sarai, domin ki ga inda take daidai da inda take shirme.

Na uku, kada ki zuba sirrin ofis, ko lambar asusun banki, ko bayanan marasa lafiya, ko hotunanki a cikin irin waɗannan manhajoji. Abin da ya shiga, ba ki da iko da inda zai ƙare.

Na huɗu, ki yi hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya ce ki biya kuɗi zai koya miki AI cikin kwana uku ki soma kwasar daloli, ki riƙe jakarki da kyau. Ki nemi horo a wurin da aka sani, mai adireshi, wanda za ki iya tambayar waɗanda suka gama.

Na biyar, 'ya'yanmu mata su riƙe karatu da rubutu da lissafi da kyau, domin wadda ba ta iya rubuta jimla mai ma'ana ba, ba za ta iya ba na'ura umarni ba, ba kuma za ta gane kuskurenta ba. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an cuce ta tun daga gida.

Ke kuma Hajiya mai wasiƙa, amsarki ita ce: buga takarda zalla kam yana kan hanyar ƙarewa, ba zan ɓoye miki ba. Amma shekara 19 na sanin ofis ba a saye a kasuwa. Gobe in Allah Ya kai mu, ki sami matashin nan ki ce, "Ɗana, zo ka nuna mini yadda kake yi." Ke kuma ki nuna masa abin da wayarsa ba ta sani ba. Ki rubuta wa shugabanki takardar neman horo, ki ajiye kwafi. 'Yarki kuwa ta ƙarasa karatunta, kuɗin adashinki bai faɗi ƙasa banza ba, sai dai ta haɗa da sanin manhajojin lissafi, da adana bayanai, da wannan sabuwar fasaha tun kafin ta fito. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma mu mata ba yau muka fara sauya taku ba.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take, a rubuto mana kamar yadda aka saba. Allah Ya albarkaci sana'o'inmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.